Allurar kashe jijiya bayan dashen gwiwa: aikinta, iyakarta, da daren da take sakin majinyaci

Wanda aka yi wa dashen gwiwa da hantsi, aka kuma yi masa allurar kashe jijiya yadda ya kamata, yakan wuni garau. Da la'asar yana zaune yana kurɓar kunu, masu jinya na buga waya Argungu ko Talatar Mafara suna cewa aiki ya yi kyau, ko ciwo Baba ba ya ji. Bayan isha'i nas ta kawo ƙwayoyin dare, ya ce a ajiye su tunda ba abin da ke damunsa. Can wajen ƙarfe biyu ko uku na dare allurar ta sake shi. Kafin awa guda, gwiwar da take shiru ta koma kamar an zuba mata garwashi, ga shi babu wani magani a jininsa da zai tare zafin, likitan da ya yi allurar kuma yana gida. Da safe mai gashin ƙashi ya zo ya tarar da mutumin da bai runtsa ba, wanda ko taɓa ƙafar ba ya yarda a yi.

Allurar ta yi aikinta daidai, wa'adinta ne ya cika. Aron lokaci take bayarwa, awa 12 zuwa 18, wani zubin ta kai 24. Yadda aka mori waɗannan sa'o'in, da shirin da aka yi wa ƙarewarsu, shi yakan raba gwiwar da za ta lanƙwashe da wadda za ta sandare.

Dalilin da ya sa wannan tiyata take da zafi fiye da yawancin ayyukan ƙashi a fili yake. Likita yakan tsaga gaban gwiwa kusan taƙi guda, ya buɗe jakar da ta lulluɓe gaɓar, ya ture ƙoƙon gwiwa gefe, ya sa zarto ya yanke ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri inda guringuntsi ya cinye, kaurin abin da ake cirewa bai cika wuce santimita ɗaya ba. Sannan ya liƙa ƙarfe a kowane ɓangare da simintin ƙashi, ya sa farantin roba mai tauri a tsakani. Sau da yawa akan ɗaure cinya da robar da ake hura wa iska don tsayar da jini, ita ma tana barin nata tsamin. Bayan duk wannan, ba a barin gaɓar ta huta kamar yadda ake barin karaya. Tun ranar, ko washegari, ake son mutum ya taka ƙafar ya fara lanƙwasa ta.

Jijiyoyin da ke kai saƙon

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abu uku: ta jini, da agara, da kuma farar igiyar da ke ɗaukar saƙon ji da na motsi tsakanin gaɓa da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ake nufi a nan. Gwiwa ba ta da jijiyar ji guda ɗaya da za a kashe a huta. Gabanta da gefenta na ciki suna samun rassa daga babbar jijiyar da ke saukowa ta matsematsi, wadda likitoci ke kira femoral. Bayanta kuwa rassa ne daga jijiyar sayatik, mai bi ta ɗuwawu ta gangara bayan cinya, tare da wani reshe na jijiyar obtureta. Matsalar ita ce waɗannan manyan jijiyoyi ba ji kaɗai suke ɗauka ba. Femoral ce ke ba tsokar gaban cinya umarnin miƙe gwiwa da riƙe ta idan an tsaya. Sayatik ce ke ɗaga tafin ƙafa da taka shi. Duk tarihin wannan fanni a 'yan shekarun nan neman hanyar kashe ji ne ba tare da an kashe ƙarfi ba.

Da can allurar baya mai siririn bututu da ake bari ana ɗura magani kwana biyu ko uku ita ce abin yayi. Tana kashe zafi, amma takan saukar da jini, ta raunana ƙafafu biyun, ta riƙe fitsari, kuma ba ta jituwa da magungunan tsinka jini da dole a ba wanda aka yi wa dashe. Daga nan aka koma kashe femoral a matsematsi. Allura ce mai sauƙin koyo, mai kashe zafin gaban gwiwa sosai, har yau kuma tana da gurbinta. Aibinta shi ne tsokar gaban cinya takan yi laƙwas. Mutum ya ji ba ciwo, ya ɗauka ya samu lafiya, ya sauko daga gado zai kama ruwa, gwiwar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Faɗuwa a kan gwiwar da aka ɗinke jiya na iya farke ɗinki, ta tsinka agarar ƙoƙon gwiwa, ko ta karya ƙashi a bakin ƙarfen, kuma gyaran kowanne daga cikinsu ya fi tiyatar farko wahala.

Shi ya sa aka sauko da allurar ƙasa, zuwa wani lungu a tsakiyar cinya ta ciki, wanda ake kira adokta kanal. Kafin femoral ta iso nan, ta riga ta rabar da mafi yawan rassanta na motsi, saura reshen ji mai suna safinos da reshen tsokar da ke gefen ciki na gwiwa. Wani gwaji da aka yi a Denmak kan mutane masu lafiya, aka buga a 2013, ya auna bambancin: allurar matsematsi ta rage ƙarfin tsokar gaban cinya da kashi 49 cikin 100, ta tsakiyar cinya kuwa da kashi 8 kawai.

Yadda ake yin ta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake samun nasara ko akasi. Majinyaci na kwance rigingine, an ɗan juya ƙafar waje. Kafin komai a tambaye shi wace ƙafa ce, a duba alamar da aka zana a kanta da takardar yardarsa, saboda kashe ƙafar da ba ita ba kuskure ne da ke faruwa har a manyan asibitocin duniya. A goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bari ya bushe. A aza kan na'urar sikanin a gicciye a tsakiyar cinya. A allon za a ga wata tsoka mai siffar kwalekwale, sunanta satoriyos, a ƙarƙashinta ga baƙin da'ira yana bugawa, jijiyar jini mai harbawa ke nan. Ƙarƙashinta kuma akwai jijiyar jini mai mayarwa, wadda ke lotsewa idan aka danna. Jijiyar jin da ake nema ɗan farin ɗigo ce a gefen mai harbawar ta waje. A shigar da allura mai tsawon santimita 8 zuwa 10 daga gefen waje, ana kallon tsawonta duka a allon, har ta huda farar tantanin da ke ƙarƙashin kwalekwalen. A ja sirinji baya a ga ko jini zai biyo, sannan a tura mil 1 ko 2. Idan wurin daidai ne, baƙin ruwa zai bazu a gefen jijiyar jinin ya ɗan ture ta. Idan tsoka ce ta kumbura, bakin allurar bai huda tantanin ba, kuma maganin zai tafi a banza. Idan an tura ba a ga komai a allon ba, a tsaya nan take, domin mai yiwuwa cikin jini yake tafiya. Wannan yakan faru ne idan an danne na'urar da ƙarfi har jijiyar mai mayarwa ta lotse, a ja sirinji ba jini alhali allurar na cikinta. Haka ma idan sirinji ya yi tauri, ko majinyaci ya ji kamar lantarki ya ja shi, a ja baya, bakin allurar na kan jijiyar. Sauran maganin a tura shi mil 3 zuwa 5 a lokaci guda, ana jan sirinji a tsakani, har a cika mil 15 zuwa 20. Wanda ya zarce haka da yawa, ko ya yi allurar can sama, maganin zai haura ya kama rassan motsi, a koma gidan jiya.

Wannan allura ba ta taɓa bayan gwiwa. Majinyaci zai nuna maka da yatsa ya ce nan baya ne kamar ana ɗaure shi da igiya. Kashe sayatik gaba ɗaya na maganin wannan, amma garin neman gira a rasa ido: tafin ƙafa zai saki, mutum ya riƙa jan ƙafa yana tuntuɓe, likitan ƙashi kuma ya kasa gane ko allura ce ta jawo haka ko jijiyar da ke zagaya gefen gwiwa ta waje ce ta miƙe lokacin aiki, abin da ya fi faruwa ga masu gwamen ƙafa da aka daidaita. Don haka aka fito da dabarar da ake kira iPACK, wato zuba mil 15 zuwa 20 a tazarar da ke tsakanin bayan ƙashin cinya da jijiyar jinin bayan gwiwa. Ƙananan rassan ji ne kawai ke ratsa wurin. Ita ma idan maganin ya karkata waje da yawa yakan sa tafin ƙafa ya saki na wasu sa'o'i.

Akwai hanya ta uku wadda ba ta buƙatar na'urar sikanin ko kaɗan, kuma a ganina ita ce ya kamata asibitocinmu su fi riƙewa da kyau. Likitan da ke tiyatar ne da kansa ke bin naman da ya yanka yana tsira masa magani: bayan jakar gwiwa kafin a liƙa ƙarfe, sai agarun gefe da fatar ƙashi, sai bakin rauni lokacin rufewa. Likitoci biyu na Sidni ta Ostareliya, Kerr da Kohan, su suka bayyana ta a 2008, da maganin kashe jijiya rofibaken mai ruwa-ruwa har wajen mil 150, haɗe da maganin kumburi ketorolak da adirenalin. Sirinji da haƙuri kawai take so, da kiyaye tsakiyar baya inda babbar jijiyar jini take, da kusurwar waje inda jijiyar ɗaga tafin ƙafa ta bi. Ƙa'idar da ƙungiyar masana ta PROSPECT ta fitar a 2022 ta tsaya ne kan haɗa wannan da allurar tsakiyar cinya sau ɗaya, da farasitamol, da maganin kumburi, da deksametason ta jijiyar jini, a bar dangin mofin, wato magungunan zafi masu ƙarfi, a matsayin na ko-ta-kwana. Inda ba a samu damar yin alluran nan ba, akan sa mofin miligiram 0.1 cikin allurar baya ta sau ɗaya da ake kashe ƙafafu da ita don tiyatar, amma sai inda za a iya lura da numfashin mutum na awa 24, ga kuma ƙaiƙayi da tashin zuciya da riƙewar fitsari, musamman ga dattawa maza.

Barin siririn bututu a cinya ana ɗura magani kwana biyu ko uku yana tsawaita sauƙin, amma bututun kan goce, ya yi yoyo, ko ya zama ƙofar ƙwayoyin cuta. A ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje da yawa cikin dare, ban ga hikimar dogara da shi ba.

Lissafin da ba a yi da ka

Maganin da aka fi samu a nan shi ne bufibaken, wanda da yawa suka sani da sunan Marcain. Yana zuwa iri biyu. Mai nauyi, wanda aka haɗa da suga, na allurar baya ne. Na kashe jijiya shi ne wanda ba a haɗa da komai ba, mai ƙarfin kashi 0.5, kuma idan aka gauraya shi da ruwan gishirin asibiti daidai wa daida ya koma 0.25, wato miligiram 2.5 a kowane mil. Iyakar da aka saba tsayawa ita ce miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin mutum, rofibaken kuwa miligiram 3.

Ɗauki Hajiya mai kilo 60. Rabonta duka miligiram 120 ne. Allurar tsakiyar cinya ta mil 20 ta cinye 50. Ta bayan gwiwa ta cinye wasu 50. Allurar baya ta ɗauki kamar 15. An kai 115. Idan likitan tiyata, bai san da wannan ba, ya buɗe wata kwalbar mil 20 mai ƙarfin 0.5 ya tsira a rauni, ya ƙara 100, an kusa ninka iyaka. Kowa a cikinsu ya yi abin da ya saba, amma jini ɗaya ne zai kwashe duka. Tun ran gini ran zane: a auna majinyaci a sikeli, a rubuta jimillar a allo kafin a fara, a raba ta tsakanin mai sa barci da mai tiyata. Tsoho ramamme, da mai ciwon hanta, ƙoda ko zuciya, a rage masa ƙasa da haka.

Idan maganin ya yi yawa a jini, ko ya faɗa jijiyar jini kai tsaye, alamun farko su ne leɓe da harshe su yi nauyi, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya yi ƙara, mutum ya rikice ko ya fara surutai. Daga nan sai jijjiga, sai bugun zuciya ya hargitse ko ya tsaya. Wani ba ya bin wannan jerin, zuciyar ce ke fara nunawa, kuma abin na iya jinkirta har rabin awa ko fiye bayan allura, shi ya sa ba a barin mutum shi kaɗai a wannan tsakanin. Bufibaken na manne wa tsokar zuciya ya ƙi saki, don haka farfaɗo da wanda ya kama yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Makarinsa wani farin ruwan mai ne kamar madara, mai ƙarfin kashi 20, wanda aka fi sani da Intralipid: mil 1.5 ga kowane kilo a tashin farko cikin minti biyu zuwa uku, wato mil 90 ga mai kilo 60, sannan a ci gaba da ɗura mil 0.25 ga kowane kilo a minti, kada jimilla ta wuce mil 12 ga kilo. Tare da shi a ba da iskar oksijin, a tsayar da jijjiga da midazolam ko dayazifam. Maganin sa barci furofofol, duk da shi ma fari ne, ba ya maye gurbinsa, ƙara danne zuciyar ma yake yi. Ɗakin tiyatar da ke yin waɗannan allurai ba tare da jakar wannan ruwa a inda kowa ya sani ba, yana wasa da ran mutane, kuma iyalin majinyaci na da haƙƙin su tambaya ko akwai.

Lahani mai ɗorewa ga jijiya daga allurar kanta abu ne da ba a cika samu ba, 'yan ƙalilan ne cikin dubu goma. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta riga ta fara mutuwa ya faɗa tun kafin aiki a rubuta, domin allurar kan daɗe a jikinsa, kuma kada daga baya a ɗora mata laifin da ba nata ba. Haka nan mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko kulofidogirel, ya faɗa da wuri, saboda allurar baya ba ta yiwuwa sai an dakatar da su na wasu kwanaki bisa umarnin likita.

Kafin allurar ta saki

Ƙwayoyin da majinyaci ya ce a ajiye su ne gadar da zai haye. Farasitamol giram 1 duk awa 6, bisa agogo, ko da ciwo ko babu, kada ya wuce giram 4 a wuni, a rage wa wanda bai kai kilo 50 ba. Maganin kumburi guda ɗaya tak, aibufurofen ko daikulofenak ko selekoksib, ba a haɗa biyu. Deksametason miligiram 8 zuwa 10 sau ɗaya a ɗakin tiyata na rage kumburi da amai, yana kuma sassauta dawowar zafin, sai dai yakan ɗaga sugan mai ciwon suga na kwana ɗaya ko biyu, a riƙa aunawa. Maganin mai ƙarfi kuma a rubuta shi tun da rana, a tabbatar yana ɗakin ba a kantin da aka kulle ba, a ba da shi da zarar ƙafa ta fara minjirya ko ɗumi ya fara dawo mata, ba sai mutum ya fara kuka ba.

A nan yanayin ƙasarmu ya shigo. Mafi yawan waɗanda suka kai ga dashen gwiwa sun shekara da shekaru suna shan maganin ciwon gaɓɓai daga kemis, sau da yawa haɗin ƙwayoyi a ƙullin leda da ba a san sunansu ba. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi maganin kumburi biyu da kuma firedinisolon ko deksametason. Magungunan kumburin kan ci ƙoda da bangon ciki a hankali, firedinisolon da deksametason kuwa kan sa jiki ya daina yin nasa sinadarin mai kama da su, ta yadda yanke su farat ɗaya na iya faɗar da jini lokacin tiyata. A kawo ledar ko kwalin a nuna wa likita, a kuma auna ƙoda kafin a rubuta maganin kumburi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Gusau, dattijon da ya zubar da jini a tiyata, ba ya shan ruwa sosai don gudun yawan tashi fitsari, yana kuma shan maganin hawan jini, daikulofenak na iya durƙusar da ƙodarsa cikin 'yan kwanaki.

Tiramadol na da amfani idan ba a wuce miligiram 400 a wuni ba, tsofaffi kuma ƙasa da haka, domin yana kawo jiri da amai, yawansa kuma jijjiga. Wanda ya saba shan sa don aikin gona ko tuƙi ya gaya wa likitan sa barci a keɓe, ba don a kunyata shi ba, sai don abin da ke isar wani ba zai ishe shi ba, yanke masa shi kwatsam kuma wata azabar ce. Fentazosin da aka saba tsirawa a ɗuwawu yana da iyakar da ƙari ba ya ƙara sauƙi, yana rage ƙarfin mofin idan an haɗa su, yawan tsira shi kuma na taurara tsoka ya bar gyambo. Gabafentin da firegabalin ba su cikin abin da ƙa'idar 2022 ta amince da shi, jirin da suke sa tsoho ya fi amfaninsu.

Sai kuma dauriya. Nas ta ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata, da sauƙi," alhali ya damƙe ƙarfen gado, gumi na keto masa. Mutanenmu ba sa amsa gaisuwar jiki da ƙorafi, balle dattijo a gaban surukarsa. Tambayar ce za a sauya: cikin goma, nawa ne zafin idan kana kwance, nawa ne idan ka lanƙwasa? Ka samu barci? Nuna min wurin da yatsa. Wurin da ya nuna ma labari ne, domin yana faɗin wace allura ce ta saki, ko wacce ce tun farko ba ta kama ba.

Ƙafar da ba ta ji ba ta iya kare kanta. Al'adarmu idan gaɓa ta kumbura a yi mata gashi da tsumma da ruwan zafi, kuma mai jinya zai yi haka da kyakkyawar niyya. Fatar da allura ta kashe za ta sale mai ita bai sani ba, ƙuna kuma a gefen sabon ɗinki hanya ce ta isar da ƙwayoyin cuta ga ƙarfen. Sanyi ake so: ƙanƙara ko ledar ruwan da ta daskare, a naɗe a tawul, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a wuni, ba a kan fata tsirara ba, ba a jiƙa bandeji ba. Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwar kanta, ko da yake nan ne ya fi daɗi, domin za ta saba da tanƙwarewa ta ƙi miƙewa. A sa shi ƙarƙashin idon sawu, dunduniya na reto. Kafin tashin farko a gwada: yana kwance, zai iya ɗaga ƙafar a miƙe daga kan katifa? In ya kasa, ba ya tsayawa sai da maɗaurin da ke riƙe gwiwa a miƙe, da ƙarfen dogarawa, da mutum biyu a gefe. Ko ya iya ma, kada ya tafi bayi shi kaɗai a daren farko.

Duk wannan ɗawainiya don lanƙwasa ake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tabon cikin gwiwa kuma a makonnin farko yake ɗanye. Ana son ta miƙe sarai, ta kai digiri 90 cikin kamar mako biyu, ta doshi 110 zuwa 120 kafin wata uku. Tafiya a fili na buƙatar wajen digiri 65, tashi daga kujera sama da 90. Wadda ta maƙale ƙasa da 90 bayan mako shida zuwa goma sha biyu, akan sa mai ita barci a lanƙwasa ta da ƙarfi. A sha magani minti 30 zuwa 45 kafin motsa jiki, a sa ƙanƙara bayansa. Zaman tahiya da tsuguno a masai suna neman digiri 140 ko fiye, abin da yawancin gwiwoyin dashe ba sa kaiwa, don haka a tanadi kujerar salla da kujera mai rami tun kafin a dawo gida. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda ba ya iya tsayuwa damar yin salla a zaune, kuma gara a tattauna wannan da majinyaci kafin aiki da ya tilasta wa gwiwar abin da ba za ta iya ba.

Da yawa daga Kebbi da Zamfara a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ake yi musu wannan aiki, ko Abuja, ko Masar da Indiya, sannan su kamo doguwar hanya zuwa Yawuri, Zuru ko Ƙauran Namoda lokacin da allura ta daɗe da saki. A nemi takardar sallama mai ɗauke da sunan kowane magani da adadinsa da ranar dainawa. A sha magani kafin a shiga mota, a zauna kujerar baya ƙafa a miƙe, a sauka a taka duk awa ɗaya ko biyu. A hanyar da direba ba zai so tsayawa ba, a riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa akai-akai, a sha ruwa, kada kuma a tsallake maganin tsinka jini. A san inda za a ci gaba da gashin ƙashi tun kafin a taso, ko a asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko wani babban asibiti mafi kusa. Mai ɗori da matsarsa ba su da hurumi a kan wannan gwiwa.

Ciwon da ake tsammani yana tsananta a kwana biyu ko ukun farko, sannan ya riƙa sauka mako bayan mako, ko da yake yakan hana barci na wasu makonni. Wanda ba a jira da shi daban yake: sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi, ko numfashi ya sarƙe da ciwon ƙirji, alamar gudan jini ke nan, zazzaɓi da rauni mai ja yana tsatsar ruwa ko mugunya, ƙwauri ya ɗaure tamau da azabar da ta fi ƙarfin magani, yatsu na yin sanyi, tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa bayan kwana biyu. Zazzaɓin da ya zo da kumburin gwiwa kada a sallame shi da maganin cizon sauro, kada kuma a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin likita ya ɗebi ruwan gaɓar, domin hakan na ɓoye ƙwayar da ake nema. Ɗan filin fata da ke mutuwa a gefen tabo ta waje kuwa ba laifin allura ba ne, wani siririn reshen safinos ne wuƙa ta ratsa, yakan tsuke da watanni, wani kuma ya zauna. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan wata uku, kuma waɗanda suka sha azaba sosai a kwanakin farko na cikin waɗanda abin ya fi samu. Irin wannan ya koma a yi masa hoto da gwajin jini, a fara kawar da zargin ƙwayoyin cuta ko sassautawar ƙarfe, a duba kwankwaso da ƙashin baya ko daga can ciwon ke saukowa, kafin a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya.